Me ya sa 'yan tim ɗinka ba sa jiranka? Sharhi kan Call of Duty: Mobile da Left 4 Dead

Duk mai buga Call of Duty: Mobile ya san wannan ƙorafin. An haɗa ku ku biyar a tim ɗaya, ana farawa kowa ya kama gabansa. Wani ya laɓe a taga da doguwar bindiga yana jiran tsuntsu daga sama gasasshe, wani ya ruga tsakiyar fili ya mutu sau goma, a ƙarshe an lallasa ku, sai zage-zage a makirfo. A majalisun matasan Katsina da ake baje wayoyi bayan isha'i, daga Ƙofar Ƙaura har Rafindadi, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: wane ɗan son kai ne, wane ba ya jin magana. Ni kuwa ina ganin an kama wanda ba shi ya kashe zomon ba. Mafi yawan abin da muke kira halin ɗan wasa, tun a ofis masu zana filin wasan suka yanke shi.

Ga wanda bai saba ba, muna magana ne kan wasannin harbi da ba ka ganin jikin mutuminka, sai hannunsa da bakin bindigarsa, kamar da idonsa kake kallo. Su ake kira FPS a taƙaice. Filin da ake fafatawa a kai, da gidajensa da lungunansa, shi nake nufi in na ce taswira.

Call of Duty: Mobile ya fito a watan Oktoba na 2019, kamfanin TiMi na China ya gina wa Activision shi, kuma ya kwaso tsofaffin taswirori daga wasannin baya. Ɗauki Nuketown, wadda ta fara bayyana a Black Ops a 2010: gidaje biyu suna kallon juna, bas da babbar mota a tsakiya, sai 'yan hanyoyi a gefe. Daga ƙarshe zuwa ƙarshe gudun 'yan daƙiƙu ne. An ƙera ta ne don ka haɗu da abokin gaba da wuri, kuma a wannan aikin ba ta da laifi ko kaɗan. To amma duba dokokin da aka ɗora a kanta. In an harbe ka ba ka mutu ba, ka laɓe kaɗan jininka zai dawo da kansa. In ka mutu, kafin ka gyara zama an sake jefo ka fili. Ladan kashe mutane a jere, jirgin leƙen asiri ko makami mai linzami, kai kaɗai ake ba. A ƙarshe a haska sunan gwarzo guda. Ka faɗa mini, a wane lokaci ne a cikin wannan zagayen kake buƙatar ɗan'uwanka? Ɗan tim ɗinka a Nuketown mutum ne kawai da harsashinka ba ya kamawa.

Tara mutane wuri ɗaya ba ya haifar da aiki tare, kuma an daɗe da auna wannan. Wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya, ɗaiɗai da kuma a rukuni, ya wallafa sakamakon a 1913. Da suka kai takwas, ƙarfin da kowannensu ke bayarwa ya faɗi zuwa kusan rabin abin da yake bayarwa shi kaɗai. Wani ɓangare rashin daidaita jan ne, wani kuma sakin jiki ne tunda ba a gane ƙoƙarin kowa. Manomanmu ba su karanta Ringelmann ba, amma sun san maganin. A gayya kowa da kunyarsa, an jera kafaɗa da kafaɗa, makaɗi na biye. Wanda aka bari a baya duk gona na ganinsa, sai kunyar ƙasa ta zama kunyar ido. Shimfiɗar gonar ce ke riƙe mutane tare, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba.

Wasan da ya fi kowanne fahimtar wannan, a ganina, shi ne Left 4 Dead, wanda Turtle Rock da Valve suka fitar a Nuwamba 2008. Mutum huɗu ne, Bill da Zoey da Louis da Francis, a garin da annoba ta mayar da jama'a mahaukata masu kai hari. Ba wata gasa tsakaninku. Aikin kawai ku tashi daga wannan ɗakin tsira ku kai wancan mai jar ƙofar ƙarfe. (Wasan manya ne, akwai jini sosai, kuma a jihar da ƙarar bindiga ba labarin fim ba ce, iyayen da ba sa son ganinsa a hannun yara suna da hujjarsu.)

Dabarar tana cikin dodannin musamman. Hunter yana dira a kanka ya danne ka. Smoker yana jefo dogon harshe daga kan rufi ya ja ka. Duk wanda ɗayansu ya kama, shi ke nan, babu maɓallin da zai danna ya kuɓuta, ko da shi ne ya fi kowa iya saiti a duniya. Dole wani ya zo ya harbe dodon ko ya ture shi. Boomer kuma amai yake kwara maka, idonka ya rufe, taron mahaukata su yo kanka, sai 'yan'uwanka su zama idonka. In jininka ya ƙare ka faɗi ƙasa, wani ne zai tsaya ya ɗaga ka, shi ma a lokacin bai iya harbi, don haka na uku ya tsare masa baya. Jini ba ya dawowa da kansa, jakar magani kuwa kana iya ɗaure wa wani rauni da taka. Ɗan son kai a nan ba ya daɗewa a raye, kuma ba sai kowa ya zage shi ba.

Sai taswirar kanta, inda nake ganin aikin ya fi kyau. Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya girma cikin gini da ke sarrafa ido. Me zaure ke yi? Ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna, don mai wucewa a titi kada ya hango tsakar gida. Lungunan cikin gari, irin na Masanawa da Gambarawa, ba sa barin ka ga nesa, taku kaɗan sai kwana. A Left 4 Dead an yi amfani da wannan a matsayin makami. Ofisoshi, hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, magudanar ruwa, duk cike suke da kwanar da ke yanke gani, kuma da zarar ka sha kwana kai kaɗai, ka fita daga layin bindigar masu cetonka. Sai aka ba ka abu guda: kana ganin zanen jikin abokanka ta cikin bango, launinsa na canzawa in suna cikin matsala. Wato kana sane da inda suke, amma harsashinka bai isa can ba sai ka taka da ƙafa. Wannan ratar tsakanin sani da iya taimako ita ce ke jan mutane su matso kusa da juna.

Kuma ba a barin ku ku ɓata. Kevin Lynch, masanin tsara birane, ya nuna a littafinsa na 1960 cewa mutane na riƙe gari a ka ne da 'yan abubuwa kaɗan, ciki har da alama mai tsayi da ake hange. Aikin da hasumiyar Gobarau ta yi wa Katsina ke nan tun kafin benaye su yi yawa. A labarin farko na wasan, No Mercy, kuna farawa a kan rufin bene, asibitin da za ku je yana tsaye can nesa da fitilarsa. Babu kibiya, babu ƙaramar taswira a kusurwar allo. Fitilar mota da aka bari a kunne, ko ƙofa mai haske a cikin duhu, su ke cewa nan ce hanya. Mutum huɗu da ba su san juna ba sukan nufi wuri ɗaya ba tare da sun yi magana ba.

A saman duk wannan akwai manhajar da suka kira Darakta. Mike Booth, wanda ya jagoranci aikin, ya yi bayaninta a 2009. Tana ƙiyasta tashin hankalin kowane ɗan wasa da lamba: an ji maka rauni lambar ta hau, ka faɗi ta hau, dodo ya mutu dab da kai ta hau. Tana ta turo mahaukata, galibi ta bayanku, har lambar wani ta kai ƙololuwa, ta riƙe na daƙiƙa 3 zuwa 5, sannan ta janye ta ba ku kamar daƙiƙa 30 zuwa 45 na shiru. Ɗan kimiyya zai gane wannan nan take, irin tsarin firij ne da ke auna sanyi ya kashe kansa ya sake tashi. Abin da ba a cika lura da shi ba, wannan shirun shi ne lokacin haɗin kai. A nan ake ɗaure rauni, a miƙa ƙwaya, a jira wanda ke ɗingishi. Nuketown ba ta da irin wannan numfashin ko na daƙiƙa biyar.

Wasan fa yana da ramukansa. Na farko, 'yan wasa sun gano cewa in taron ya taso, sai su cusa kansu huɗu a kusurwa ɗaya ko ƙaramin ɗaki su yi ta turewa da harbi. Haɗin kai ne, amma na kaji a akurki, kuma yana kashe duk wahalar da aka sha wajen zana filin. Valve ta gane. A Left 4 Dead 2 na 2009 ta kawo Spitter mai tofa ruwan guba a ƙasa ta tashe ku daga maɓoya, da Charger mai ratsa tsakiyarku, da wuraren da taron ba ya ƙarewa sai kun ruga kun kashe ƙararrawa. A cikinsa ne kuma aka yi Hard Rain, wadda nake ɗauka taswira mafi wayo a jerin. Kuna ratsa gari da masana'antar sukari da rana ku ɗebo mai, sannan ku dawo ta hanyar da kuka bi, amma dare ya yi, ruwa ya ci titi, in guguwa ta taso ko muryar abokinka ba ka ji sosai. Maganin da kuka wawushe a tafiya ba za ku same shi a dawowa ba. Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar da ya sani a cikin ruwan Agusta ba wuta ya san yadda sananniyar hanya ke zama baƙuwa.

Ramin na biyu ba a cike shi ba. Mutanen huɗu duk iyawarsu ɗaya, bambancin fuska da murya ne kawai. Ina buƙatarka ne don ka cece ni, ba don ka iya abin da ban iya ba. Deep Rock Galactic, na wani ƙaramin kamfanin Denmark da ya kammala fita a 2020, ya wuce shi a nan. Ma'adini na can saman bangon kogo cikin duhu: ɗaya ya harba fitila a gani, wani ya manna dandamali a bangon, na farkon ya haye da igiya ya tsaya a kai ya haƙa. Kogon ma kwamfuta ke ƙera shi sabo kowane zagaye, don haka haddar hanya ba ta aiki.

Adalci ga Call of Duty: Mobile, yana da wuraren da ya yi daidai. A Search and Destroy rai ɗaya gare ka a zagaye, ga wuri biyu na dasa bam, nan da nan za ka ji mutanen da ke zagin juna ɗazu sun koma "kai tsare nan, ni zan zagaya". A fagen mutum ɗari kuma, in abokinka ya mutu kana iya ɗauko alamar wuyansa a dawo da shi. Mutanen nan dai su ne, wayoyinsu ma su ne, doka kawai aka canza. Amma ɓangaren da ya fi kama da gayya, na yaƙar zombi tare, an saka shi a ƙarshen 2019 aka cire a Maris 2020, tun daga nan yana zuwa yana tafiya kamar baƙo. Zuciyar wasan tana wurin gasa da matsayi da sayar da kwalliyar bindiga.

Wannan ya fi cutar da mu fiye da ɗan wasan Landan, saboda lissafi mai sauƙi. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Portugal ta kai kimanin kilomita 7,000. In sabar wasan, wato kwamfutar da ke alƙalanci tsakanin 'yan wasa, tana Turai, zuwa da dawowa kaɗai milisakan 70 ne, kafin a ƙara tazarar sama da kilomita 1,000 daga Katsina zuwa Legas, da jinkirin turken sabis na unguwa. A karon mutum da mutum a kwanar Nuketown, wannan ya isa a kashe ka kafin ka ga wanda ya harbe ka. A wasan da abokin gabarku kwamfuta ce, jinkirin bai cika yanke hukunci ba, tunda ceton wanda Hunter ya danne abu ne na daƙiƙu.

Sai ga shi irin wasan da ya fi dacewa da sabis ɗinmu shi ne ya fi wuyar samu a garin. Left 4 Dead bai taɓa fita a PlayStation ko a waya ba, kwamfuta ne da Xbox 360, alhali gidajen gem ɗinmu PlayStation ne da ƙwallo. Deep Rock Galactic ya shigo PlayStation a 2022, amma ba ya raba allo biyu, kowa sai da na'urarsa da intanet ɗinsa. Abin da ya rage shi ne laftof. Left 4 Dead 2 ya haura shekara 15, don haka yawancin laftof ɗin da ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ke rubuta furojet da su za su iya ɗaukarsa in an rage ƙyallin hoto, kuma ɗaya daga cikin huɗun na iya zama sabar sauran.