Addu'ar Kiristocin Arewa a Shekarun Fargaba

Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Kwarhi, kusa da Mubi a jihar Adamawa, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya take, wadda aka fi sani da EYN. Fastoci da ɗalibai da iyalansu suka fantsama daji, ofishin ikilisiyar ya yi ƙaura zuwa Jos na wani lokaci. Wata shida kafin nan aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. Tun kafuwarta a Garkida a 1923, EYN tana koyar da cewa mai bin Almasihu ba ya rama mugunta da makami. Wanda ya tashi da wannan koyarwa, idan dare ya yi ya ji harbi a gefen gari, gudu da addu'a ne suka rage masa. Shi ya sa irin addu'ar da aka koya masa ba ƙaramin zance ba ce.

Da Hausa ake yin mafi yawanta. Bura da Margi da Kilba da Kamwe kowa da harshensa a gida, amma tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sujada da waƙa da roƙo a yawancin majami'un Arewa suka koma wannan harshe, a EYN da ECWA da COCIN da sauransu. Hanyoyin kuwa sanannu ne: sujadar asuba, addu'ar tsakiyar mako, azumi da addu'a na kwana uku ko bakwai, da kwanan addu'a inda ake raya dare har gari ya waye. Musulmi maƙwabci ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma alƙunutu yake yi idan musiba ta sauka.

Zabura ta 91 ita ce aka fi kamawa a lokacin tsoro. Ana haddace ta, ana karanta wa yara kafin barci, wasu su bar littafin a buɗe a wurinta kusa da matashin kai. Dalilin a fili yake: tana ambaton razanar dare da kibiyar rana da annoba, tana kuma yi wa wanda ya fake ga Allah alkawarin tsira. Ba na raina wannan. Uwar da take tofa wa 'ya'yanta wannan Zabura a ɗakin da ba shi da ƙyaure mai ƙwari tana ba su abin da take da shi ne. Sai dai akwai abin da masu wa'azi ba su cika faɗa ba. A Bisharar Matiyu sura ta 4, wannan Zaburar ce Shaiɗan ya jawo sa'ad da yake neman Yesu ya diro daga ƙolin Haikali, Yesu kuwa ya ƙi. Littafin da kansa ya yi kashedi kada a mai da alkawarin kariya tamkar laya.

Wannan kashedin ne salon addu'ar da ya yi ƙarfi a 'yan shekarun nan yake takewa. Salo ne da ya yaɗu daga majami'un Fentikos har ya shiga tsofaffin ikilisiyoyi ta hannun matasa: a ɗaga murya, a tsawata wa tsoro a matsayin mugun ruhu, a ɗaure, a kwance, a kira wuta a kan maƙiya, a shelanta cewa babu abin da zai taɓa mai bi. Yana da amfaninsa, don yana ta da wanda gwiwarsa ta yi sanyi, kuma mutumin da aka wulaƙanta yana bukatar wurin da zai buɗe murya. Illarsa tana fitowa ne bayan an tashi daga taron. Idan an ce tsoro alamar ƙarancin bangaskiya ne, kuma addu'a mai ƙarfi ba ta faɗuwa ƙasa, me za a ce wa matar da ta yi azumi ta raya dare, duk da haka aka kashe mijinta a gona? Sai ta koma gida da kaya biyu, baƙin cikin rashi da zargin kai. A lokacin ba da shaida ranar Lahadi, waɗanda suka tsira ne suke fitowa gaba. Ita tana zaune a baya, babu gurbin labarinta a tsarin sujada.

Alhali gurbin yana nan cikin Littafin, an dai daina buɗe shi ne. Zabura ta 13 da tambaya take farawa, mai roƙo yana son sanin ranar da Allah zai daina mantawa da shi. Zabura ta 88 ta fi haka nauyi, domin har ta ƙare ba ta juya ga yabo ba. Ga littafin Makoki, ga Ayuba wanda abokansa suka nace cewa laifinsa ne ya jawo masa, a ƙarshe Allah ya ce su ne ba su faɗi daidai ba. Sama da duka ga Getsamani. Daren da za a kama Yesu, bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya roƙa a ɗauke masa wahalar in zai yiwu, ya miƙa wuya ga nufin Uba, ya kuma nemi almajirai uku su zauna a faɗake tare da shi. Ba a ɗauke wahalar ba. Duk ikilisiyar da Ubangijinta ya yi irin wannan addu'a ba ta da hujjar kunyata mai jin tsoro.

A ganina, waɗanda suka fi riƙe wannan tsohuwar hanya su ne matan zumunta. Zumuntar Mata, da anko da ganga da tulun kiɗa, mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba sai ƙungiyar waƙa. Amma su ne suke zuwa gidan makoki su kwana, su ambaci sunan wanda aka sace ɗaya bayan ɗaya, su bar mai kuka ta yi kukanta ba tare da an ce ta yi shiru ba. Suna zuwa da kwanon hatsi da itace da ɗan abin da aka tara. Addu'arsu ba ta yi wa kowa alkawarin cewa gobe ba za a kawo hari ba, abin da take tabbatarwa shi ne ba za a bar mutum shi kaɗai ba. Abin da Yesu ya nema daga almajiransa a Getsamani bai samu ba ke nan.

Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, ya nuna wannan irin bangaskiya a bidiyon da waɗanda suka sace shi suka fitar a Janairun 2020. Ya roƙi a taimaka a sake shi, ya kuma ce bai karaya ba, don kowane hali mutum ya shiga yana hannun Allah. Bai ce lalle zai dawo ba. A cikin watan aka kashe shi.

Akwai kuma fargabar da ta zama ciwo. Mutum ya bar garinsu shekara da shekaru, amma ƙarar babur tana sa shi zabura, barci ya ƙaurace masa, zuciya na bugawa ba dalili. Bayan 2014 EYN ta shirya tarukan warkar da raunin zuciya, inda ake barin mutane su faɗi abin da idonsu ya gani kafin a kai ga maganar gafara, kuma a nan ta yi daidai. Abin da ya rage shi ne fastoci su saba da faɗa wa irin wannan mutum cewa ganin likita ba ya rage masa bangaskiya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna, kuma dattijon da ya yi masa addu'a yau yana iya raka shi can gobe, ya zauna da shi a layi har a kira sunansa.