Hasumiyar Millennium ta Abuja: Lissafi Ya Yi, Amfani Fa?

Duk wanda ya bi tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa a Abuja ya ga wasu dogayen ginshiƙan kankare guda uku sun tasar wa sama. Hasumiyar Millennium ke nan, zanen Manfredi Nicoletti, ɗan Italiya, mai tsawon mita 170 a tsari. An fara ta a 2006 da burin gamawa a 2011, lokacin da Abuja ke cika shekara 20 da zama babban birni. Shekarar ta zo ta wuce, ba a buɗe ba.

Mu fara da yabo. Babban abokin gabar dogon gini iska ce. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi, kuma can sama ta fi gudu. Ginshiƙi mai zagaye yana barin ta ta zame ta gefensa, ba kamar bango mai faɗi da ke tare ta da ƙirji ba. Ɗaure ukun da juna kuma dabarar duwatsun murhu ce: kowanne na riƙe da 'yan'uwansa. Nan kam injiniyoyi sun yi ƙoƙari.

Matsalar ita ce, me za a yi a ciki? Abin da aka tanada a sama wurin kallon gari ne da gidan abinci. Sauran tsawon kusan duk hanyar lifta ce da matakala. Lifta kuwa sai da lantarki, ga kuɗin gyara da ba ya yankewa, alhali wurin da zai kawo kuɗin ɗan kaɗan ne.

Mu a Kaduna mun san ƙarshen ginin da aka yi don biki. An gina Otal ɗin Durbar saboda FESTAC na 1977, ya shekara da shekaru a rufe, aka rushe shi a 2020. Gidan Ahmed Talib na NNDC da ke titin Ahmadu Bello kuwa bai kama ƙafar Millennium a tsawo ba, amma ofisoshi ne, kullum ana shiga ana fita. Ko hasumiyar Eiffel ta Faransa, wadda aka yi don baje kolin 1889, eriyar sadarwa ce ta cece ta daga rushewa.

To, kafin a ƙara zuba ko sisi a Millennium, a fara gaya mana wanda zai riƙa hawa ran Litinin da safe, da wanda zai sayi man janareta.