BABI NA UKU: Labari Cikin Hoto Mai Gida Uku: Nazarin "Yar da Tulun Daular Han" na Ai Weiwei

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin yadda ake gina labari da hoto mai gida uku, wato hotuna uku da ake jerawa wuri guda don a kalle su a matsayin aiki ɗaya. Wannan tsari ya samo asali ne daga zane-zanen majami'un Turai, inda ake haɗa alluna uku, na tsakiya babba, na gefe biyu kuma ana rufe su kamar ƙyaure. Daga baya masu ɗaukar hoto suka ari tsarin. Misalin da aka zaɓa shi ne aikin Ai Weiwei, ɗan ƙasar Sin, wanda ya yi a shekarar 1995. Za a dubi zubi da tsarinsa, da jigonsa, sannan a kawo rauninsa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Mai Aikin

An haifi Ai Weiwei a birnin Beijing a 1957. Mahaifinsa, Ai Qing, shahararren marubucin waƙoƙi ne wanda gwamnati ta kora zuwa yankunan karkara masu nisa, ciki har da Xinjiang, na kusan shekara ashirin. A can yaron ya tashi, ya kuma ga zamanin Juyin Al'adu na Mao Zedong (1966 zuwa 1976), lokacin da aka farfasa kayan tarihi masu yawa da sunan kawar da tsofaffin al'adu. Ya tafi Amurka a 1981, ya komo gida a 1993.

3.2 Zubi da Tsari

Hotunan uku baƙi-da-fari ne. A na farko, mai aikin yana tsaye gaban bangon bulo, yana riƙe da tulun ƙasa na zamanin daular Han, daular da ta yi mulki daga 206 kafin Miladiyya zuwa 220 Miladiyya. A na biyu, ya saki hannu, tulun yana cikin iska. A na uku, tulun ya tarwatse a gaban ƙafafunsa, hannayensa kuma suna nan a buɗe.

Abu na farko da mai koyo zai lura da shi shi ne bambanci tsakanin abin da ya tsaya da abin da ya motsa. Bangon bai sauya ba, mazaunin kyamara bai sauya ba, tsayuwar mutumin ma haka. Tulun kaɗai ke tafiya, daga sama zuwa tsakiya zuwa ƙasa. Da an sauya wurin ɗauka a kowane hoto, da idon mai kallo ya shagala da neman inda yake, ya manta da tulun. Ke nan, daidaiton sauran abubuwa shi ya ba abu ɗaya damar ɗaukar labarin.

Abu na biyu shi ne nauyin da ke kan hoton tsakiya. Hoto na farko mabuɗi ne, na uku marufi, amma ƙololuwar labarin tana tsakiya, inda tulun bai fashe ba tukuna, kuma babu mai iya ceto shi. Idan aka cire wannan hoto, sai a rasa amsar muhimmiyar tambaya: suɓucewa ya yi, ko sakinsa aka yi? Buɗaɗɗun hannaye da idon da ke kallon kyamara, maimakon ya bi tulun, su suka tabbatar da ganganci. Hotunan uku kamar duwatsun murhu suke, in aka janye ɗaya tukunya ba ta zama.

Abu na uku shi ne gurbin da ke tsakanin hotunan. Ba a nuna lokacin da tulun ya bugi ƙasa ba, ba a kuma jin ƙara a hoto. Mai kallo ne yake cike wannan gurbi da kansa, har ya ji kamar fashewar ta shiga kunnensa. A nan hoto mai gida uku ya bambanta da fim, domin fim yana nuna komai a jere, shi kuwa yana zaɓen daƙiƙa uku ya bar wa mai kallo saura.

3.3 Jigo

Babban jigon aikin shi ne darajar kayan gado da kuma wanda ke da ikon yanke ta. Tulun da ya tsira shekara kusan dubu biyu ya hallaka cikin ƙiftawar ido, fuskar mai aikin kuwa ba ta nuna nadama ko murna ba. Wannan shiru na fuska ya tura hukunci ga mai kallo. Wanda ya ji zafin asarar tulu ɗaya, dole ya tambayi kansa game da dubban da aka fasa a zamanin Juyin Al'adu bisa umarnin hukuma. Bugu da ƙari, hoton ɓarnar ya zama abin da gidajen adana kayan fasaha ke nema, alhali da tulun ya zauna lafiya da wuya a san da shi.

3.4 Raunin Aikin

Duk da haka, aikin yana da rauni ta fuska uku. Na farko, ya dogara ƙwarai ga sunansa. In aka rufe sunan, abin da ido zai gani mutum ne ya yar da tulu, irin wanda ake saye a kasuwa. Shekarun tulun, waɗanda su ne tushen tashin hankalin, ba sa cikin hoton. Wannan ya nuna cewa gani bai kori ji gaba ɗaya ba.

Na biyu, labarin ya ɗauka cewa kowa daga hagu zai fara. Wanda idonsa ya saba da ajami ko Larabci, idan ya fara daga dama, zai ga ɓaraguzai sun haɗu, tulu ya tashi ya koma hannun mai shi. Labarin rushewa ya zama na gyara ke nan. Saboda haka wajibi ne mai koyo ya san masu kallonsa kafin ya jera hotunansa.

Na uku ya shafi ɗa'a. Mai sukar ɓarna da ya yi ɓarna ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. A 2014, a wani baje kolin ayyukansa a birnin Mayami na Amurka, wani mai zane ya ɗauki ɗaya daga cikin tulunan da Ai Weiwei ya shafa wa fenti ya fasa, a ɗakin da aka rataye waɗannan hotuna. Ai Weiwei bai amince da hakan ba, domin tulun ba na mai fasawar ba ne. Sai dai tambayar tana nan: mallaka kaɗai ta isa ta halatta hallaka abin da ya girmi mai shi da ƙarni ashirin?

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙarfin wannan aiki yana cikin taƙaitawa: abu ɗaya ke motsi, hoton tsakiya ya riƙe ƙololuwa, an kuma bar wa mai kallo gurbin da zai cike. An kuma ga cewa labarin bai tsaya da ƙafarsa ba sai da taimakon suna da tarihi. Babi na gaba zai dubi hotuna masu gida uku waɗanda ba lokaci ne ya haɗa su ba, sai kamannin launi da siffa.