Jinjina ga Maginan Zazzau

Daga Basawa zuwa cikin birnin Zariya ba wata tafiya ba ce, amma da yawanmu ba mu taɓa ɗaga kai mun dubi rufin tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarki ba. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Babu siminti, babu rodi. Tubali ne da ƙasa da azara.

A da, in ka tsaya a gindin ginshiƙi sai ka ga yadda bakan gizo ke tasowa, ya lanƙwasa, ya je ya haɗu da ɗan'uwansa can sama. A cikin kowane baka azara ce aka jera hawa-hawa, aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa. Ko da tsakar rana a bazara, ciki sanyi ƙalau.

Daga baya an kewaye tsohon masallacin da ginin zamani, an kuma yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Magina masu wannan hannu kuwa sai raguwa suke yi, Allah ya saka musu.