«Iri» da «Asali»: Gyara Kan Fassarar Kalmar «Provenance» a Zancen Bini da Zugu

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƴar maƙala ita ce duba yadda ake mayar da kalmar Faransanci «provenance» cikin Hausa. Za mu ɗauki misali daga bini da zugu («pourghère», Jatropha curcas), itacen da aka yi ta yayata man ƴaƴansa a shekarun 2007 da 2008 cewa zai maye gurbin gazuwal.

2. Matsalar

Faransancin masana noma ya raba kalmomi huɗu: «semence», «variété», «origine» da «provenance». A takardun faɗakarwa da suka zo hannunmu a Maraɗi, biyun farko duk «iri» ne, biyun ƙarshe kuwa «asali». Ga alama babu laifi. Amma Bahaushe, na Maraɗi ne ko Bagobirin Tsibiri, in ya ji «asali» gado yake ji, abin da ke cikin jini. Ita kuwa «provenance» wurin da aka ɗebo ƙwaya kawai take nufi. Asalin bini da zugu Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya, kuma ta tsibiran Kap Ber Turawan Fotugal suka shigo da shi Afirka. Saboda haka ƙwayar da aka ɗebo a Gaya ko a ƙasar Mali asalinsu ɗaya, wurin ɗibarsu ne ya bambanta.

3. Abin da kuskuren ke jawowa

Gaskiya ne wurin ɗiba yana da tasiri. Joachim Heller ya gwada ƙwayoyin wurare daban-daban a Senegal da Kap Ber, ya ga bambanci wajen girma da yawan ƴaƴa, kamar yadda ya bayyana a littafinsa na 1996. Sai dai binciken ƙwayoyin halitta da ya biyo baya ya nuna cewa bini da zugun Afirka da na Asiya ba su da bambancin gado mai yawa in an kwatanta da na Amurka ta Tsakiya. Ke nan bambancin tsiro yana iya fitowa daga ruwan da uwar itace ta sha, ko nunar ƴaƴa lokacin tsinka, ko daɗewar ajiya, domin ƙwaya mai yawan mai ba ta jure zafin rumbu.

Manomin Jiratawa da aka ce masa «wannan mai asali ne» ba zai tambayi watannin da ƙwayar ta yi a buhu ba. In ta ƙi tsira, sai ya zargi gonarsa. Haka kuma kalmar tana rufe batun ruwa: hukumar FAO ta nuna a 2010 cewa itacen yana bukatar aƙalla milimita 600 kafin ya yi fure da ƴaƴa, alhali damanar Maraɗi wajen 500 take bayarwa. Tsiro dabam, amfani dabam.

4. Kammalawa

Muna ba da shawara a bar «asali» ga «origine», «nau'i» ga «variété», «iri» ga «semence». Ga «provenance» muna kawo «maɗeba», bisa tsarin sunan wuri irin na «marina» da «majema», kuma «maɗebi» yana nan cikin harshe tun tuni. Sabuwar kalma ba ta zama sai masu harshe sun karɓa. Ya kamata ɗalibanmu su kai ta Tsibiri da Jiratawa, su ji ta bakin manoma kafin a sa ta cikin ƙamus.