Batirin Motar Haya da Dabarar da Zamani Ya Wuce

Motocin da ke ɗaukar busasshen kifi, albasa da shinkafa daga Yelwan Yauri, Wara da ƙauyukan Shanga zuwa Kontagora, Jega da Birnin Kebbi sun sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan, amma yadda ake tayar da su idan batir ya mutu bai sauya ba, kuma daga nan ne asarar direbobi da dama take farawa. A zamanin da Peugeot ta zama ruwan dare a Arewa, bayan buɗe masana'antarta a Kaduna a 1975, direban 504 ko J5 yana ɗaga bonet ya ga batirinsa, idan kuma ya ƙi tashi sai a ari na wata mota a ɗaura, injin na kamawa a zare shi a mayar da macaccen ba tare da an kashe motar ba. Dabarar ta yi wa mutane rana a lokacinta, domin waɗancan motoci ba su da wasu na'urorin lantarki masu laushi da za su ƙone.

Motar yau ba haka take ba. Kusan kowace bas ta gwanjo da ake shigowa da ita daga Turai tana ɗauke da ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke auna man da injin zai sha da lokacin da zai sha shi, kuma batir, baya ga tayar da mota, shi ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke bayarwa, wato na'urar da ke cajinsa yayin tafiya. Wanda ya zare kan batir injin na aiki ya saki wutar nan kai tsaye a kan ƙwaƙwalwar da altanetar kanta, kuma ko da motar ta tsira yau, ba a nan take ɓarnar ke bayyana kullum ba. Gyaran da ke biyo baya yakan fi kuɗin sabon batir nesa ba kusa ba, sau da yawa ma sai an aika birni neman kayan.

Hatta gano inda batirin yake ya zama ilimi. A yawancin HiAce yana ƙarƙashin daɓe a bayan kujerar gaba, a Ford Transit yana ƙarƙashin kujerar direba, a Sprinter ta 2006 zuwa sama kuwa yana ƙasan inda direba ke ajiye ƙafa, shi ya sa aka tanadi wurin jona waya a cikin bonet. Yaron motar da bai san wannan ba sai ya sauke kwalayen kifi a tsakar rana yana lalube, idan ya kai ga batirin kuma ya tarar da farin gari mai kore-kore ya cinye kansa, ga ƙusa da wani ya cusa don kan ya kama, alhali sufana da ɗan goge-goge ne maganin.

Hanyar da ta dace ta tayar da motar da batirinta ya mutu ba ta da wuya. Jar waya tana haɗa kan da ke da alamar tarawa na macaccen batir da irinsa na mai rai, baƙar waya kuma ta tashi daga ɗaya kan na mai rai ta kama ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirin, saboda batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Wajen canjin batir kuwa, baƙar wayar motar ake fara cirewa, ita kuma ake mayarwa a ƙarshe.

Batirin da ke rufe ruf, wanda ba a ƙara masa ruwa, ya kusa korar na da, kuma ya yi amfani, tunda ya hana ɗura ruwan rijiya ko na kogi a madadin tataccen ruwa. Illarsa ita ce ya sa an daina dubawa, ga shi zafin Maris da Afrilu a gaɓar tafkin Kainji, wanda kan kai digiri 40, yana rage kwanan kowane batir. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, idan injin na aiki kuma wajen 14, don haka idan mai wayarin ya ce a sayi sabo ba tare da ya auna ba, wataƙila bel ɗin altaneta ne ya saki, sabon ma zai mutu cikin kwanaki.

Ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Yauri, Ngaski da Shanga su ajiye wayar jonawa mai kauri da mitar auna batir guda a ofishinsu, su kuma hana zare batir injin na aiki a cikin tasha.