Labarin Kaya da Asirin Mai Kaya: Nazarin Dillancin Tsofaffin Kaya ta Waya a Ƙasar Tsafe

Sabon kaya yana da 'yan'uwa dubbai a kantuna waɗanda za a gwada farashinsa da nasu, amma tsohon saƙi ko tsohuwar tasar da ta shekara hamsin a jere ba su da na biyu, saboda haka kuɗinsu yakan rataya ne a kan abin da aka faɗa game da su da kuma amincin bakin da ya faɗa. Wajibi ne tun farko a raba wannan ciniki da na gwanjo, wato tufafin da aka riga aka sa a ƙasashen waje, ake shigo da su a ɗaure cikin dila, galibi ta Kwatano, a baza su a kasuwanni irin Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna. Rigar gwanjo ba ta da tarihin da kowa ya sani, mai saye kuma ba ya neman sani. Kayan da wannan nazari ya shafa su ne waɗanda suka fito daga ɗakunan mutanen ƙasa, aka san masaƙinsu ko maƙerinsu ko zamanin da aka yi yayinsu, waɗanda a yau ake tallata su ta waya tare da labarinsu.

Tushen wannan sana'a yana hannun dillaliya, macen da ke yawo gida-gida da ƙullin kayan da aka ba ta amana ta sayar, ta karɓi la'ada, wato ɗan kason da ake cire mata daga kuɗin ciniki. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna tun 1969 cewa akwai kasuwa sukutum da ke ci a cikin gidaje tsakanin matan kulle ba tare da idon waje ya gan ta ba. Dillaliya tana cikin masu ɗaukar wannan kasuwa daga zaure zuwa zaure. Maganar dillaliya tana da tsari sananne. Takan fara da asalin kaya, ta ce wannan atamfa 'yar Holan ce ta da, ko wannan zane saƙin hannu ne da aka rina a karofi. Sai ta koma kan ƙarko, ta miƙa wa mai saye ta murza, ta shinshina, ta ɗaga wa haske. Daga nan ta zo kan dalilin sayarwa, inda take taƙaitawa da cewa buƙata ce ta taso wa mai shi. Sunan mai kayan ba ya fita daga bakinta, domin matar da ta fitar da kwallarta ko murjaninta kasuwa tana yin haka ne a ɓoye, kuma abin da take biya da la'ada bai tsaya ga wahalar yawo ba, har da rufin asiri.

Ƙasar Tsafe da maƙwabtanta suna da abin faɗa a kan kayansu fiye da yadda ake zato. Garin yana kan babbar hanyar da ta haɗa Funtuwa da Gusau, yankin kuma ya daɗe da noman auduga da saƙa, sannan isowar jirgin ƙasa Gusau ta jawo kantunan kamfanonin Turawa da kayan da suka sauya fasalin ɗakin amarya, inda kwanon sha da langa da fanteka suka ture ƙwarya da akushi daga jere, gadon ƙarfe ya maye gurbin na kara. Daga baya masaƙar Gusau ta yi zamaninta ta durƙushe. Kowane ɗaya daga waɗannan sauye-sauye ya bar kaya a adaka da ƙarƙashin gado: gwado da luru, riga mai aska takwas, keken ɗinki Singer, kaset ɗin makaɗan fada da na noma. Mai sayarwar da ya san zamanin kowane abu yana riƙe da wani yanki na tarihin Zamfara wanda littattafan makaranta ba su kula da shi ba.

Komawar wannan ciniki cikin waya ba ta ɗauki siffar kanti mai shafi na musamman a intanet ba, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. Abin da aka fi gani shi ne hoton kaya a sitatus na WhatsApp ko a Facebook, sai saƙon murya ya biyo baya, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a tura kuɗi ta banki, a kai kaya tasha a damƙa wa direba tare da lambar wayar mai karɓa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutane da yawa sabawa da tura kuɗi ta waya, abin da ya sauƙaƙa wannan hanya. Rauninta kuma ya riga ya bayyana a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar tsaro, mai sayarwa ya rasa kasuwar fili da ta waya gaba ɗaya.

Babban abin da waya ta sauya shi ne ta cire hannu daga ciniki. Mai saye da ke Kano ko Abuja ba zai murza zane ya ji kaurinsa ba, ba zai ƙwanƙwasa tasa ya ji amonta ba, hoto kuma yana ɓoye huji da faci, yana ƙara wa launi armashi. Duk nauyin da tafin hannu da hanci suke ɗauka a da ya dawo kan harshe. Saƙon murya ya dace da wannan aiki fiye da rubutu, domin ya bar wa dillaliya salonta na baka, da rantsuwarta da addu'arta, kuma bai ware wadda ba ta yi boko ba.

Cewa labari yana ɗaga farashi abu ne da aka gwada. A 2009 wasu marubuta biyu a Amurka, Rob Walker da Joshua Glenn, sun sayi tarkacen kaya na kimanin dala 129, suka sa marubuta suka ƙaga wa kowanne labari, suka sayar da su a eBay a kan fiye da dala 3,600, ko da yake ba a ɓoye wa masu saye cewa labaran ƙagaggu ne ba. Kafin wannan, Christopher Steiner ya bayyana a littafinsa na 1994 kan kasuwar kayan gargajiya ta Abijan, wadda fatake Hausawa ke da babban matsayi a cikinta, yadda ake tsara bayanin kaya gwargwadon abin da Baturen da ke saye yake son ji, da yadda ake tsufar da sabon sassaƙa don ya yi kama da na kaka da kakanni. Jarrabawar da ke gaban mai sayarwa a Tsafe ke nan: rigar da aka ce ta wani basarake ce ta fi wadda aka ce ta wani manomi ce kuɗi, alhali zare ɗaya ne, kuma babu mai iya ƙaryatawa daga nesa.

A nan ilimin da almajiran zaure suka daɗe suna karantawa ya fi kowace dabarar talla amfani. Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, wadda ake karantarwa a makarantun ilimi na ƙasar Hausa, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, ta kuma haramta algus da yaudara da ɓoye aibi, ta bai wa wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa damar mayar da kaya. Ma'anar wannan ga cinikin waya a fili take: tun da a kan siffa aka ƙulla ciniki, to siffar wani ɓangare ce ta abin da aka saya, kuma duk abin da aka faɗa don ya ƙara kuɗi ya zama shaida da za a tambayi mai faɗinsa. Mai sayarwa na da ikon ƙawata magana yadda ya so, amma ba shi da ikon ƙara wa riga shekaru ko sauya mata mai ita. Wanda ya ce bai san masaƙin ba, amma irin wannan saƙa ta wuri kaza ce, ya fi wanda ya cika kunne da sunayen sarakuna daraja, kuma a kan irinsa ne masu saye ke dawowa.

Matsala mafi nauyi ta shafi ɓangare na uku na maganar dillaliya, wato dalilin sayarwa. Salon tallar tsofaffin kaya da ake kwaikwayo daga waje yana son a ba da labarin mai kaya, a faɗi wace ce ita, yaushe aka yi mata aure, me ya raba ta da abinta. A ƙasar Tsafe ta yau amsar wannan tambaya sau da yawa mai ɗaci ce, domin kayan ɗaki da yawa suna fita ne daga hannun iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, ko waɗanda ke harhaɗa kuɗin fansar ɗan'uwa. Irin wannan labari yana taɓa zuciyar mai saye na nesa, yana iya sa ya biya ba tayi. Duk da haka sayar da shi cin amana ne, domin matar ta ba da kwallarta ne a sayar, ba ta ba da halin da take ciki ba, kuma abin da aka ɗora a waya ba ya tsayawa inda aka nufa da shi. Akwai kuma haɗari na zahiri, tun da a yankin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, hoton da ya nuna gida ko ya ambaci unguwa yana iya sanar da cewa kuɗi sun shiga wani hannu.

Sai dai ɓoye sunan mai kaya yana iya zama mafakar kayan sata, musamman inda ake wawashe ƙauyuka. Tsohon tsarin dillanci ya magance wannan ta hanyar ɗora alhakin a wuyan dillali: shi ya san mai kaya ido da ido, shi zai tsaya idan magana ta taso, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda cinikin shanu da goro na bashi ya dogara kan mutumin da ke tsaye tsakanin baƙi biyu. Mai sayarwa ta waya da ke karɓar kaya daga wanda bai sani ba ya yar da wannan ginshiƙi, ko da kuwa labarinsa ya fi na kowa daɗi.

Akwai kuma kayan da labarinsu ya fi ƙarfin kasuwa. 'Yandoto, tsohon garin malamai da Muhammadu Bello ya yaƙa a farkon shekarun jihadi, wanda sarautar Tsafe ke ɗauke da sunansa har yau, yana tunatar da cewa a gidajen malaman yankin akwai rubuce-rubucen hannu da magada kan raba kamar sauran tarika. Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bunguɗu tana cikin wuraren da aka yi wa haƙar sata a shekarun 1990, gumakan yumɓu na ƙasashen Katsina da Sakkwato kuma suna cikin jerin kayan da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta gargaɗi masu saye a kansu a 2000. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya sai ta hannun wanda ta amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Waya ta kusantar da mai neman su daga Turai da ɗan magajin da ke cikin matsi fiye da kowane zamani, kuma littafin da aka yage aka sayar da shi warƙa-warƙa ba ya sake haɗuwa, ko da an gano masu sayen daga baya.